Tambayi Likita: Kalsiyam Tsakanin Jini da Ƙashi

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara uku ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, amma da aka auna jininsa sai aka ce kalsiyam ɗinsa kusan daidai yake. Ya aka yi haka? (Wata uwa daga Jos)

Amsa: Maman yaro, awon jini ba ya faɗin halin da ƙashi ke ciki. A wuya, bayan tayirod (halittar da kan kumbura ta zama maƙoƙo), akwai wasu 'yan ƙullutai huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, ana kiran su faratayirod. Dare da rana suna ɗanɗana jini. Da zarar sun ji kalsiyam ya yi ƙasa, sai su saki sinadarin da zai je ya kwaso shi daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi a fitsari, ya kuma tayar da bitamin D domin hanji ya tsotsi na abinci. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ƙashi da haƙora, wato rumbu ake ta ɗiba don kada tukunya ta kwana babu komai.

A nan garinku aka yi binciken da ya fito a 1999, wanda ya nuna yaran da ke da wannan larura ba rana suka rasa ba, kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci, kuma da aka ba su shi ƙashin ya gyaru. Tuwon masara safe da dare, babu nono, ai dole. Ki koma a ɗauki hoton ƙashinsa, ki riƙa ba shi kindirmo, miyar kuka, da ƙananan busassun kifi a daka da ƙayarsu.

Tambaya: Kwana biyu da yi mini aikin maƙoƙo, leɓena na zuga, yatsuna na ƙagewa. (Wata Hajiya daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, wannan ba na jira ba ne, ki koma asibiti yau. Wajen aikin akan taɓa waɗancan ƙullutan, su yi shiru, kalsiyam ya faɗi. Yawanci suna farfaɗowa cikin makonni, amma kafin nan sai da magani.

Tambaya: Zan iya sayen ƙwayar kalsiyam a kemis saboda ciwon gwiwa? (Wani direba daga Kano)

Amsa: Malam, ciwon gwiwa ba lallai rashin kalsiyam ba ne. In kalsiyam ya yi yawa a jini kuma, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga tsakuwar ƙoda. A fara duba gwiwar tukuna.