Tambaya da Amsa: Masu tsaron otal suna da ikon shiga ɗakina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je taron aiki a Las Vegas ta Amurka, kuma ni kaɗai zan sauka a otal. An ce ko na rataya katin "kada a dame ni" a ƙofa, masu tsaro kan shigo su duba ɗaki. Ni mace ce, da na shiga ɗaki nake cire hijabi in sake. Gaskiya ne? In kuwa haka ne, yaya zan bambance ma'aikaci da ɓarawo? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya aka faɗa miki. Ranar 1 ga Oktoba, 2017, wani mutum ya buɗe wuta a kan 'yan kallon wasa daga hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay, mutum 58 suka rasu a harin, wasu biyu suka cika daga baya. Kwanaki ya yi yana shigar da bindigogi fiye da 20 cikin akwatuna. Tun daga nan manyan otal suka sauya doka. Hilton ya ce a sanar da manaja idan katin ya wuce awa 24 a rataye, Caesars kuma ya fara leƙa ɗakuna duk awa 24. A watan Agustan 2018, mahalarta taron masana kwamfuta na DEF CON sun koka sosai, musamman mata, cewa maza na buga musu ƙofa suna neman shiga ba tare da wata shaida mai gamsarwa ba. Tsoronki yana da tushe.

Yawanci izinin shigar yana cikin sharuɗɗan da kike amincewa da su wajen kama ɗaki, don haka gardama a bakin ƙofa ba za ta fisshe ki ba. 'Yan sanda daban ne: Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1964 cewa ma'aikacin otal ba shi da hurumin ba su izinin binciken ɗakin baƙo.

Aikinki yana farawa tun a teburin karɓar baƙi. Ki tambaya ko suna duba ɗakuna, da wane lokaci, ki nemi a rubuta a bayananki cewa a kira ki a waya kafin a zo, kuma a haɗo da mace. Idan kina barin masu shara su shiga sau ɗaya a rana, a otal da yawa wannan ya wadatar.

In an ƙwanƙwasa, kada ki buɗe, ko da a kan maƙalar sarƙa ne. Ki leƙa ta ramin ƙofa, ki tambayi sunansa da sashen da yake aiki, ki ce ya dakata. Sai ki ɗauki wayar ɗaki ki danna 0, ki ce su faɗa miki sunan wanda suka turo. Su za su fara faɗin sunan, ba ke ba. Kada ki kira lambar da mai bugun ya ba ki, kada kuma riga ko katin wuya su ruɗe ki, domin duka ana iya ƙirƙirar su. Nan ne mutane ke faɗawa tarko: kunyar barin mutum a tsaye. Ma'aikacin gaske zai jira minti biyu ki suturta jikinki. Wanda ya fara matsa miki ko ya ce kada ki kira kowa, ki kira 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka.

Idan an tabbatar, ki buɗe ƙofar gaba ɗaya ki tsaya a bakinta. Dubawar ta ido ce, a leƙa ɗaki da banɗaki a fita. In ya kai hannu kan jakarki ko ya fara ɗaukar hoto, ki ce ba ki yarda ba, a kira manaja.

Game da makulli, babban katin masu tsaro yana buɗe yawancin ƙofofi ko kin murɗa sakata, maƙalar ƙarfen nan ta sama kuma ana iya zame ta daga waje da ɗan siririn ƙarfe. Ki tafi da matokarin ƙofa na roba ki cusa a ƙasa daga ciki. Ramin leƙe kuma ki toshe shi da takarda, don akwai gilashin da ake ɗorawa daga waje a ga cikin ɗaki.

In kin dawo kika ga alamar an shiga, ki nemi manaja ya karanta makullin. Makullan kati suna ajiye bayanin katin da ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Ki nema a ranar, domin sababbin bayanai suna goge tsofaffi.