Bayogas: alheri ne ga makwabta ko sabuwar matsala?

Tambaya: Malam, ana shirin kafa wurin samar da gas daga kashin dabbobi kusa da inda muke zaune. Wasu na murna, wasu kuma na tsoron wari da gurɓacewar ruwa. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kowa da tasa gaskiyar. Abin da zai raba gardamar shi ne me za a riƙa zubawa a tankin da ke samar da gas ɗin, kuma wa zai kula da shi.

A cikin tankin da aka toshe, inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da kashin, su fitar da gas wanda kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari metan ne. Shi ke kamawa da shuɗin harshen wuta, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi ajalin mutum miliyan 3.2 a 2020. Ga kuma kakkauran ruwan da ke fitowa daga tankin: taki ne mai kyau, nitrojin ɗinsa, sinadarin da shuka ke buƙata, na nan bai tafi ko'ina ba.

Sai dai wannan takin, idan aka tara shi a buɗaɗɗen rami ruwan sama ya kwashe shi, a rafi da rijiya zai ƙare. Yoyon gas ma matsala ne. Metan ya ninka iskar kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya cikin shekara 100, saboda haka tsagar da ba a liƙe ba tana cinye ribar a ɓoye. In kun ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, gas ne ke zurarewa, kada ku yarda a ce muku haka abin yake.

Abin da ya fi damuna shi ne cimar tankin. A Jamus, bayan gyaran dokar makamashi a 2004 ya ƙara wa masu zuba amfanin gona a tankin gas kuɗi, manoma suka cika gonaki da masara don tanki kawai, har kuɗin hayar gona ya tashi a wasu yankuna. Kashi da shara daban, gonar abinci daban.

Kafin a aza tubali, ku tambaye su: ina za su samo ruwa? Ɗanyen kashin shanu yakan buƙaci ruwa daidai yawansa kullum. Ina za a adana takin a rufe? Kuma in bututu ya fashe bayan magina sun tafi, wa za a kira?