Amsa: Ziyarar Dagona da aikin sa kai a fadamar Haɗejiya-Nguru

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son zuwa ganin tsuntsaye a Dagona, kuma ko akwai aikin sa kai da mutum zai kama.

Ka je da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Lokacin ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka, su haɗu da namu irin su ɗinya da kirinjijiya. Dagona tana jihar Yobe, ƙasar Bade, ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, don haka ka fara neman izinin ma'aikatan gandun, su haɗa ka da ɗan rakiya. Ka yi sammako. Da hantsi ya dubi ludayi, tsuntsaye sun watse. Ni ban manta asubar da muka zauna shiru cikin kwalekwale ba, garken kirinjijiya ya tashi a kanmu yana fito.

Batun aiki kuwa, duk watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa, kuma ƙungiyar kare muhalli ta NCF (Nigerian Conservation Foundation) ta daɗe tana aiki a yankin, sai ka tuntuɓe su tun da wuri. Amma a ganina inda aka fi buƙatar hannu shi ne yankan kacala, wata doguwar ciyawar ruwa. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka canza tafiyar ruwa, ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suna ji a jikinsu. Mutanen ƙauyuka kan yi gayya su sare ta. Ka gaida mai gari, ka nemi shiga, ka tafi da takalmin roba da gidan sauro.