Tambaya da Amsa: Wane Aiki Ne Ke Tafiya da Goyo?

Yawancin wasiƙun da suka iso ni a wannan karon a kan aiki da reno suke. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a wani kamfani, ina da yaro ɗan wata goma sha ɗaya, ga kuma ciki wata huɗu. Da sassafe nake fita, sai dare nake shigowa, a gidan ma waya ba ta barina in huta. Na gaji, ina so in canza aiki. Wane aiki ne iyaye mata suka fi jin daɗinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya, ya kuma sauke ki lafiya. Zan ambata miki ayyuka, amma ki bari in fara ba ki ma'auni, domin sunan aiki kaɗai yana ruɗin mutum. Mata biyu sukan riƙe takardar shaida iri ɗaya, wannan tana cikin walwala, waccan kullum cikin hawaye, kuma in kin bincika za ki tarar tsarin wurin aikin ne ya raba su. Duk aikin da aka yi miki tayi, ki fara sanin wa ke yanka lokacinsa, kuma ko ana sanar da ke da wuri in za a sauya. Sannan ki tambayi kanki: ranar da yarona ya tashi da zazzaɓi, akwai wanda zai tsaya a madadina ba tare da komai ya tsaya ba? In an tashi, aikin a ofis yake kwana ko biyo ni gida yake yi?

Tambayar nan ta wanda zai tsaya a madadinki ta fi sauran nauyi a wurina. Farfesa Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda ta lashe kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta daɗe tana bin diddigin albashin mata. Ta nuna cewa giɓin da ke tsakanin namiji da mace masu ilimi iri ɗaya yakan buɗe ne bayan haihuwar fari, kuma ya fi faɗi a ayyukan da ke biyan kuɗi mai tsoka ga wanda za a iya kira kowane lokaci, dare ko rana, kamar lauyoyin manyan kamfanoni da masu harkar zuba jari. A irin waɗannan wurare abokin ciniki mutum ɗaya ya sani, shi kuma yake nema. Uwar da ta rage awa biyu a yini, abin da za ta rasa ya ninka kuɗin awa biyun.

Ita da abokin aikinta Lawrence Katz sun yi nazarin masu harhaɗa magunguna a Amurka, aka buga a 2016, suka ga akasin haka. Bayanan majinyata suna cikin kwamfuta, magungunan a shirye suke zuwa daga kamfani, yawancin ma'aikatan kuma albashi suke ɗauka a manyan kantuna da asibitoci. Saboda haka kowace ƙwararriya tana iya karɓar abokiyar aikinta, kuma wadda ta rage awoyi kusan kuɗin awoyin kawai take rasawa. Wannan ne sirrin. Ki nemi aikin da ake darajta ƙwarewarki, amma ba a rataye komai a wuyanki ke kaɗai ba.

Da wannan ma'auni, ayyukan da na ga iyaye mata sun fi daɗewa a cikinsu da kwanciyar hankali su ne harhaɗa magunguna, ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, gashin ƙashi, duba ido da kula da haƙori, domin mafi yawansu da layi da lokaci ake yin su. Aikin akanta ma yana tafiya, in kin shirya wa matsin ƙarshen wata da na ƙarshen shekara. Aikin gwamnati albashinsa bai cika kai na kamfani ba, amma lokacin tashi sananne ne, ga fansho. Fassara, rubutu, zane a kwamfuta da ɗinki suna ba ki ikon lokacinki, sai dai kuɗinsu wata ya zo, wata ya ƙi.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ajiye aiki yanzu da cikin nan sai kin karanta takardar ɗaukar aikinki da dokar ƙasar da kike. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14 da biyan abin da bai gaza kashi biyu bisa uku na albashi ba, amma ƙasashe da yawa ba su rattaba mata hannu ba, kuma bambancin yana da girma. A Suwidin iyaye biyu suna raba kwana 480. A Amurka dokar tarayya ta 1993 mako 12 ta bayar, babu albashi, shi ma sai wadda ta yi shekara guda a wurin aikin. Wurare da yawa haka suke ɗaure hutun da daɗewar ma'aikaciya. In kin sauya yanzu, kina iya haihuwa a sabon wuri ba ki da haƙƙin komai. Ki ci hutunki inda kika yi wa wahala, ki nemi sabon aikin a tsanake. In kuma kin je ganawa, bayan kin ji ta bakin oga, ki nemi wata mai ƙananan yara a cikin ma'aikatan ki tambaye ta abin da ya faru ranar da ɗanta ya yi rashin lafiya.

Tambaya: Anti, na sami gurbin karatu biyu, koyarwa da aikin jinya. 'Yata shekararta biyu. Kowa cewa yake koyarwa ce aikin mace mai yara. Haka ne?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, 'yar'uwa, amma ba duka ba. Daɗin koyarwa shi ne hutunki da na yara sukan zo tare, kuma kina tashi da rana. Wannan daɗin sai 'yarki ta shiga makaranta zai fara yi miki amfani sosai. Abin da ba a faɗa shi ne shirin darasi da makin jarrabawa gida suke biyo malama, kuma ba a barin aji a tsakiyar darasi don an kira waya. Wadda ke koyar da ƙananan yara kuma takan dawo gida muryarta da haƙurinta sun ƙare, nata yaran suna jiranta.

Jinya tana da dutin dare, da tsayuwa mai tsawo, da ganin abin da ke taɓa zuciya. Amma in kin miƙa wa mai karɓarki majinyata, kin gama. A asibitocin Amurka da Ingila nas-nas da yawa suna yin dutin awa 12 sau uku a mako, sauran kwanakin nasu ne. Akwai kuma sassan da rana kawai ake yi, kamar rigakafi da awon ciki, ko da yake sabuwar nas ba ta cika samun zaɓi ba.

Don haka tambayata gare ki ita ce: wa zai kwana da yarinyar ranar da kike duti? In akwai amintacce, kuma zuciyarki tana wajen majinyata, ki tafi jinya. In babu, koyarwa ta fi miki sauƙi. Ki dai tuna ƙuruciyar yaro 'yan shekaru ce, sana'a kuwa kina iya yin shekara talatin a cikinta. Kada ki zaɓi abin da ba kya so don hutun makaranta kawai.

Tambaya: Ina so in koma aiki daga gida ta intanet, in sallami mai reno in riƙa kula da jaririna da kaina. Wace kwamfuta zan saya? Akwai kuma wani kwas mai tsada da ake talla, an ce yana samar da aiki.

Amsa: Kada ki sallami mai renon nan, ƙanwata. Taura biyu ba ta taunuwa. Jariri ba ya jiran a gama taro, kuma wadda ta gwada haɗa su takan wayi gari tana aiki tsakar dare, da rana kuma tana jin ta gaza a duka biyun. Aiki daga gida yana da amfani na gaske. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokansa sun yi gwaji da ma'aikata 1,612 na kamfanin Trip.com a ƙasar Sin, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2024. Waɗanda aka bari su yi kwana biyu a mako a gida, barin aiki ya ragu a cikinsu da kashi ɗaya bisa uku, musamman mata da masu zuwa daga nesa, kuma ingancin aikinsu bai faɗi ba. Ribar ita ce lokacin hanya da ya dawo hannunki, da shayarwa a kan kari, da kasancewa kusa in wani abu ya taso. Kina iya rage awoyin mai reno, amma awoyin da kike aiki dole wani ya riƙe yaron.

Kwamfuta kuwa, in rubutu ne da lissafi da taron bidiyo, ba kya buƙatar mai tsada. Ki duba ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ya kai gigabait 8, ma'ajiyarta irin mai saurin nan ce da ake kira SSD, batirinta yana daɗewa. Wadda aka yi amfani da ita a ofis aka gyara takan fi sabuwa mai araha ƙarko. Ki haɗa da abin kunne mai makirufo.

Kwas ɗin, ki dakata. Ki fara karanta tallan aiki guda goma a fannin, ki ga ko ana neman takardarsa. Ki gwada darussan kyauta na mako biyu ki ga ko za ki iya jure wa aikin. Duk wanda ya ce ki biya kafin ya ɗauke ki aiki, ko ya ce ribarki tana cikin jawo ƙawayenki su shiga, ki guje shi. Iyaye mata masu neman aikin gida su ne waɗanda irin waɗannan mutane suka fi farauta, kuma abin yana ɓata mini rai ƙwarai.

Tambaya: Hutuna zai ƙare jaririyata tana da wata uku. Na'urar tatsar nono ta hannu zan saya ko ta lantarki?

Amsa: Allah ya raya ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, don haka wata uku ne a gabanki na tatsa kullum. In yini guda za ki riƙa yi a wurin aiki, ki sayi ta lantarki mai tatsar ɓangare biyu lokaci ɗaya, mai batir, domin za ki tatsa kusan duk bayan awa uku kuma lokacinki kaɗan ne. Ta hannu ta wadatar ga mai fitar 'yan awoyi. Ki lura da girman bakin da ke zama a kan nono, in bai dace ba yana sa ciwo, yana kuma rage abin da ke fita. Kada ki sayi wadda wata ta yi amfani da ita, sai in irin wadda aka ƙera don mutane da yawa ce, kuma da sababbin robobi. Ki koyi tatsa da hannu ma, don ranar da na'ura ta ƙi.

Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ce nonon da aka tatsa yana iya yin awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji, wata 6 in an daskarar, sannan awa 24 a jakar sanyi mai ƙanƙara. Jakar nan ki sa ta cikin lissafin sayayya. Ki fara gwaji mako biyu kafin ki koma, ki kuma yi magana da shugabanki tun yanzu a kan ɗaki mai tsabta da lokacin tatsa. Yarjejeniya ta 183 ta ƙidaya lokacin shayarwa cikin lokacin aiki da ake biya.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne. Kusan duk albashin matata a kuɗin gidan reno yake ƙarewa. Ba gara ta zauna a gida ba?

Amsa: Malam, na gode da ka tambaya kafin ka yanke. Lissafinka na wannan watan daidai ne, amma akwai abin da bai shiga ciki ba. Kuɗin reno yana raguwa da zarar yara sun shiga makaranta. Abin da ta rasa in ta fita, wato ƙwarewa, ƙarin girma, fansho, wani lokaci har lasisin aiki, yana bin ta shekaru. Masanin tattalin arziki Henrik Kleven da abokansa sun gano cewa ko a Denmak, inda gidajen reno suka wadata, abin da mace ke samu yakan ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari in an kwatanta da namiji bayan haihuwar fari, kuma giɓin ba ya rufewa da sauri. Sannan yaran naku ne ku biyu, don haka kuɗin renonsu a auna shi da abin da gidan ke samu gaba ɗaya.

In ita ce ke son zama da yaranta, wannan aiki ne mai daraja, ka mara mata baya, ta dai riƙa sabunta lasisinta tana taɓa ɗan aiki don kada hannunta ya mutu. In kuwa tana son aikinta, gajiya ce ta yi mata yawa, to sai ka duba naka rabon. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kusan kashi uku bisa huɗu na aikin kula da iyali da ba a biya. Ka ɗauki kai yara da safe, ku riƙa karɓa-karɓa ranar da yaro ba shi da lafiya, ka ga yadda nauyin zai sauya.

In kuna neman gidan reno mai sauƙin kuɗi, kada arahar ta rufe muku ido. Likitocin yara a Amurka sun ba da shawarar kada mai reno ɗaya ta riƙe fiye da jarirai uku 'yan ƙasa da shekara guda. Ku je ba tare da sanarwa ba, ku ƙirga yaran da masu kula da su, ku ga ko ana kwantar da jarirai a rigingine, ku kuma tambayi tsawon lokacin da ma'aikatan suka yi a wurin.