Wanke gashin tumaki ba ya kai shi lamba 5105

Malam, ka tambaya ko gashin tumakin da aka wanke, aka cire masa maiƙo, ya shiga lambar kwastan 5105 tunda an sarrafa shi. A'a, bai shiga ba. A tsarin lambobin kaya na Hukumar Kwastan ta Duniya, babi na 51 ne ke ɗauke da gashin dabbobi, kuma abin da ke raba 5101 da 5105 shi ne shiɓa ko tajewa. Muddin gashin bai bi ta injin shiɓa ko na tajewa ba, yana 5101, ko sau nawa aka wanke shi. Ko da an ƙone ƙaiƙayin cikinsa da asid, 5101.30 ne.

Wanda aka shiɓe yana 5105.10, wanda aka taje kuma 5105.21 ko 5105.29. Da zarar an kaɗa shi ya zama zare, ya bar nan.

Sai ka lura da wani wuri da mutane ke tuntuɓe: a wannan babin, idan an ce ulu, gashin tumaki kawai ake nufi. Gashin raƙumi, zomo da akuyar Kashmir ana kiransu gashi mai laushi, amma na akuya gama-gari yana cikin mai kaushi, wato 5105.40 idan an taje shi. Gashin doki kuwa, kafin a kaɗa shi, yana can 0511.

Lambobi shidan farko ne ƙasashe suka yi tarayya a kai, sauran da kuɗin harajin sai ka duba jadawalin ƙasar da kayan za su shiga.