Linux a shagon hoto: zai riƙe aikin?

Malam, ka tambaya ko Linux, babbar manhajar da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, zai riƙe aikin shagon hotonka a Gusau tunda kwamfutar ta kwana biyu. Zai riƙe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, shi kuwa Linux Mint, wani nau'in Linux, kyauta ne, ba nauyi, kuma ka huta da manhajar sata mai shigo da bairos.

Hoton fasfo, canza bayan hoto, gyaran fuskar amarya, duk GIMP, manhajar gyaran hoto da ke hawa Linux, yana yi. Hotunan biki kuwa manhajar Darktable ka nema, yana daidaita hasken hotuna da yawa lokaci guda. Sai dai Photoshop ba ya hawa Linux kai tsaye, dole hannunka ya saba da GIMP. Fara gwada Linux Mint daga filash kafin ka goge komai, ka duba ko firintarka za ta amsa.