Kabad ɗin lungun kicin da hannu ba ya kaiwa

'Yar'uwa, kina tambayar yadda za ki amfana da kabad ɗin lungun kicin, wanda sai kin durƙusa kin zura hannu har kafaɗa kafin ki ciro abu. Ki mayar da shi ma'ajiyar manyan kayan da ba kullum ake taɓawa ba, kamar tukunyar biki, manyan kuloli da tiren sallah. Ƙananan kaya kuwa ki tara su a kwando mai hannu, ki riƙa jawo shi gaba ɗaya.

Amma kada ki kai gari, shinkafa ko wake can ciki, musamman in yana dab da wurin wanke-wanke. Lungun ba ya shan iska. A nawa, da damina ta kankama danshi yake taruwa, gari ya dunƙule ya yi wari, kyankyasai su tare.